Jan Zare da Kasuwannin Goggo Dudu

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, ba a kai ga kiran la'asar ba, inuwar katangar gidanmu a Ƙofar Marke ta taɓa bakin randa. A daidai wannan lokacin Modibbo Ige ta tsaya a tsakiyar waƙa. Mata tara suna zaune gabanta a kan tabarmi suna jiran su amsa. Ta buɗe baki, baitin bai fito ba. Sai muka ga kafaɗarta ta dama ta sauka, ta kife a kan buzunta. Faɗuwarta hukuncin Allah ce. Ɓarnar da zan ba ku labari kuwa ni na yi ta da hannuna kafin a idar da sallar la'asar ɗin nan, kuma abin da ya jawo ta shi ne ba na iya ganin aikin da aka bari rabi in wuce.

Ku 'yan matan da kuka fito makarantar koyon koyarwa, ina jin hirarku in kun zo gaishe ni. Kuna cewa lissafi ba wuya, a rubuta a allo, yara su maimaita, a gwada su. Waƙa kuma ta cike lokaci ce in rana ta yi zafi. Ni ma haka na ɗauka ina 'yar shekara goma sha takwas, kuma saura ƙiris irin shukar gari guda ya salwanta a kan haka.

Modibbo Ige yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama. Mata take karantarwa a cikin gida: tsarki, salla, tarihin magabata, haƙƙin maƙwabci da na baƙo, sannan hisabin taurari, wato lissafin da ake gane lokacin ruwa da na shuka da shi. Aikina a gidan kwafar littattafai. Ni ke niƙa gawayi da ƙaro in haɗa tawada, in tace ta da tsumma sau biyu don kada ta yi gudaji. Ni ke fiƙe alƙaluma, in jera su a kan faifai daga mai kauri zuwa siriri. Takarda a lokacin tsada gare ta, ba a yarda a ɓata ko gefe, don haka sai na ja layi da zare kafin in ɗora harafi ɗaya. Ina zama a ƙuryar ɗaki, bayana ga ƙofa. In baƙuwa ta gaishe ni, amsata ba ta kai kunnenta.

Hisabin taurari kuwa na haddace shi daga littafi. Taurari ashirin da takwas ne, kowane yana cin kwana goma sha uku, ban da ɗaya mai suna Jabha da ke cin sha huɗu, da haka shekarar rana ke cika. Ina iya jero sunayensu daga farko zuwa ƙarshe, in juyo da baya. Amma da za ku tare ni a tsakar gida ku ce wane tauraro ne ke ci yau, sai na je na duba igiya. Ban taɓa noma ba, ban taɓa ɗaga kai na dubi hadari da wata manufa ba.

Igiyar nan ita ce babban kayan aikin Modibbo. Igiyar rama ce mai ƙulli ashirin da takwas, tana rataye a bangon ɗakinta, da jan zare ɗaure a ƙullin tauraron da ake ciki. Ƙarƙashinta akwai ƙoƙo biyu da ƙwallayen dabino goma sha uku. Kullum bayan sallar asuba takan ɗauki ƙwallo ɗaya daga ƙoƙon dama ta sa a na hagu. Ran da ta tarar na dama ya ƙare, sabon tauraro ya shigo ke nan, sai ta yi abu uku: ta matsar da jan zare zuwa ƙulli na gaba, ta juye ƙwallayen su koma dama, ta ɗauki ɗaya ta sa a hagu. Ba ta taɓa barin kowa ya yi mata wannan aikin ba.

Matan nan tara daga Tungar Ƙirya suka zo, tafiyar rabin yini daga birni. Garinsu yana da malami mai hisabi a da, amma da Turawa suka ci Sakkwato sai ya bi masu hijira gabas da littattafansa, bai dawo ba. Shekara huɗu suna shuka da ka. Shekarar da ta gabata suka shuka a ruwan farko, ruwa ya ɗauke, tsiro ya ƙone. Suka sake shuka, fara ta sauka a kan abin da ya fito. Abin da ya rage musu na iri shuka ɗaya ce tak, an ɗaure shi a rumbun mai gari an liƙe da laka don kada yunwa ta sa a ci. Shi ya sa suka turo matan da suka manyanta, ƙarƙashin jajinsu Hawwa, wato shugabar tafiyar, su koyo hisabi su koma kafin damina. A wajenmu an san ruwan da ya sauka cikin tauraron Dabaran ba shi da amana. Sai Haƙa'a, na bayansa, ya shigo ake sakin iri.

To, a ranar Juma'ar nan, bayan an ɗauki Modibbo an kai ta gidan wanta can wajen kasuwa don a yi mata magani, na shiga ɗakinta in kintsa. Na naɗe buzu, na rufe tawada. Sai idona ya kai kan ƙoƙunan: na dama wayam, na hagu cike. Na ce ashe yau sabon tauraro ya shigo, jikinta bai bar ta ta yi aikin safe ba. Na yi bisimilla, na kwance jan zare na matsar da shi gaba, na juye ƙwallaye, na sa ɗaya a hagu. Na ƙidaya su sau biyu don in tabbata sha uku ne. Na fito.

Washegari Hawwa ta same ni a ƙuryata.

"Saudatu, to ya za a yi da mu? Mun baro gida, iri na jiranmu."

Na ce da ita a nemo wata malama.

"Wace malama? Ke da anka ce littahin duk shina cikin kanki? Tashi, ɗiyata, kunya ba ta kai mu damana."

Haka na fara koyarwa, ba don na shirya ba.

Aikin farko da na yi shi ne na cire waƙar. Modibbo tana da wata waƙa da ta tsara da sunayen taurari, tana bayarwa suna amsawa, har da tafi. Ni muryata ba ta fita, kuma a ganina waƙa hanyar masu rauni ce, ga littafi mai cikakken bayani. Na share ƙasa na baza yashi, na koya musu haruffan da muke rubuta adadi da su. Na ce su tara sha uku a kan sha uku: ashirin da shida, talatin da tara, hamsin da biyu, har ƙarshen shekara. Tauraron da muke ciki ban gaya musu ba, na ajiye shi ya zama darasin ƙarshe in sun iya tarawa. Kowace la'asar ina kiransu ɗaya bayan ɗaya cikin ɗaki, mace ta zauna ita kaɗai gabana in tambaye ta. Na yanki takarda na rubuta sunayensu tara, da kwanakin da suka yi tun zuwansu, kowace rana ina ɗiga baƙi ga wadda ta amsa, ja ga wadda ta kasa.

Cikin mako guda takardar ta yi ja. Matan da na ji da kunnena suna jero taurari goma a bakin Modibbo, yanzu uku ma sai sun yi inda-inda. Abin mamaki, in sun koma bayan gida suna daka, ina jiyo su suna rera waƙar da taɓare, ba su tsallake suna ko ɗaya. Na ji, amma ban rubuta wannan ba, domin takardata ba ta da gurbinsa.

Wadda layinta ya fi na kowa ja ita ce Goggo Dudu. Bafilatana ce, tsohuwa siririya, ta haura sittin, rayuwarta duk a tallar nono ta yi ta. Ba ta iya zama a tabarma, sai a tsugune kamar mai jiran ciniki. In na kira ta cikin ɗaki, ita ke fara tambaya.

"Ke ɗiyat takarda, wanga tauraro da kika hwaɗi, ranam mi za shi kama?"

"Goggo, tauraro ba ruwanai da ranakkun mako. Ki dai tara mani sha ukku da sha ukku."

"Sha ukkun mi? Shanu ko awaki?"

"Sha ukku kurum."

"To ni tun da uwata ta haihe ni ban taɓa ganin sha ukku kurum ba. Ina aka kiwonta?"

Sauran matan da ke laɓe a ƙofa suka fashe da dariya. Na ɗiga mata ja. A gefen sunanta na rubuta da ƙaramin alƙalami: ba ta ɗauka.

Ranar Laraba ta mako na biyu, bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa mai ƙarfi har ya cika kwatamin ƙofar gida. Da asubar Alhamis na tarar ƙoƙon dama ya ƙare. Na matsar da jan zare, na ƙidaya ƙulle-ƙullen daga sama, na sake ƙidayawa. Haƙa'a. Da hantsi sai ga Bawa, ƙanen Hawwa, a kan jaki, ƙafafunsa duk taɓo. Mai gari ya aiko shi. Ya tsaya a zaure yana magana ta bayan asabari.

"Ku hwaɗa mani in koma. Ƙasa ta sha ruwa har kamu guda. Maƙwabtanmu mutanen Gidan Sanda tun da asuba suna gona. A hwasa rumbu ko a bari?"

Na tara matan, na ɗauko igiyar na nuna musu. Wannan ne karo na farko da na ɗaga murya a gidan. Na ce yau Haƙa'a ya shigo, ga ruwa ya sauka, sai su yi hamdala. Hawwa ta miƙe za ta zaure.

"Ba shi na ba," in ji Goggo Dudu. Ko kai ba ta ɗago ba, tana tsintar tsakuwa a cikin wake.

Hawwa ta juyo. "Mi kic ce, Goggo?"

"Nic ce ba shi na ba. Haƙa'a ba ya shigowa Alhamis. Larba ta ranatai."

"Haba Goggo! Ke da ashirin da shidda tag gagare ki, ke za ki gyara ma mai littahi?"

"Ni ban gyara ma kowa ba. Ran da munka zo, Assabar ta, muna sauke kaya Modibbo tac ce mun zo da sa'a, yau Buɗaina yas shigo. Ta ce ko ba ta ce ba?"

Hawwa ta amsa cewa lallai ta ce.

"To Surayya Jumu'a, Dabaran Alhamis. Yau Dabaran na. Ku hwasa rumbu in kuna so, ni dai na hwaɗi."

Na koma ɗaki na ɗauko takardata, da niyyar in nuna mata kuskurenta. Kwanakin zuwansu suna nan a rubuce da hannuna: ashirin da shida sun cika jiya. Ashirin da shida taurari biyu ke nan, Buɗaina da Surayya. Na uku shi ne Dabaran. Takardata ta bi bayan tsohuwar da na rubuta ba ta ɗauka. Igiya kuwa ta ce Haƙa'a. Abu biyu da na tsare da iyakar kulawata sun saɓa wa juna, ga mutum a zaure yana jiran kalma ɗaya.

Na fito na ce da Hawwa kada Bawa ya tafi tukuna. Na naɗe igiyar na sa a gafaka, na yafa mayafi. Ni da ban cika ƙetare unguwarmu ba, na bi ta tsakiyar gari da rana, Hawwa a gaba, Goggo Dudu a baya tana yi wa masu nonon birni tsiya wai sun cika ruwa.

Modibbo tana kwance a kan gadon kara, ɓarin jikinta na dama ba ya motsi, bakinta ya karkace, amma idonta garau. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Modibbo, yau Alhamis, kwana sha ukku da hwaɗuwarki. Ga igiya." Na gaya mata abin da na yi ranar Juma'a, ban rage komai ba. Ta miƙo hannun hagu. Ta bi ƙulle-ƙullen da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, idonta a rufe. Da ta kai kan jan zaren ta tsaya. Ta kai igiyar baki, ta kwance zaren da haƙori, ta mai da shi baya ƙulli ɗaya, ta riƙe shi a wurin har na ɗaure. Daga baya, da bakinta ya ɗan saki, ta gaya mini a safiyar Juma'ar nan ta riga ta matsar da zaren, da ta zo ɗaukar ƙoƙo ta ji hannunta ya yi nauyi, ta bar juyewar sai an jima. Ni kuma na zo na ƙara matsar da shi. Tauraro guda cur na tsallake.

Hawwa ta ce, "Modibbo, Goggo Dudu ta tag gano."

Modibbo ta dubi tsohuwar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta fara buga tafin hannunta a kan karan gado. Hawwa ta gane kafin ni, ta ɗauki amshin waƙar taurari a hankali, Goggo Dudu ta kama mata. Ni kuwa da ba na waƙa sai na yi abin da na iya, na ƙidaya bugun. Daga farkon amshi zuwa ƙarshensa bugu goma sha uku. Suka sake, sha uku. Shekara goma ina jin waƙar nan ta bayan kaina ina kwafar littafi, ban taɓa sanin ta dasa lissafin a cikin tafi ba. Duk macen da ta daka gero da wannan amshin, hannunta ya riga ya san kwanakin tauraro tun kafin a gaya wa kunnenta. Abin da na fara cirewa ke nan ran da na karɓi aikin.

Da muka koma, Hawwa ta shiga zaure da kanta.

"Ka ce ma mai gari kada a taɓa rumbu sai Larba ta sama, ba wagga mai zuwa ba."

"Kwana sha ukku? Yaya, ƙasa na da danshi yanzu! In ruwan ga ya zarce, mun yi asarar mako biyu, wa za shi ɗauki laihi?"

"Ni. Hau jakinka."

Ya tafi yana ƙunƙuni. Kwana biyu bayan haka aka ɗan yi yayyafi, daga nan sama ta bushe, rana ta buɗe kamar tsakiyar bazara. Na mayar da waƙar. Ban iya bayarwa ba, Hawwa ke bayarwa, ni ina riƙe da igiya ina nuna ƙulli. Na murɗa musu igiyarsu, na ba su ƙoƙo biyu. Suka tafi saura kwana uku Haƙa'a ya shigo. Ran da za su tafi na bi Goggo Dudu har zaure na tambaye ta yadda ta sani.

"A'a, ni da ba ni ɗauka?" Ashe Hawwa ta sa wata ɗaliba ta karanta musu takardata. "Bari sai mun ci sabon gero, ɗiyat takarda. In ba mu ci ba, amsata ba ta da amfani."

Haƙa'a ya shigo ranar Laraba, ba ruwa. Alhamis ba ruwa. Sai ranar Juma'a da yamma ya sauka, kuma daga nan bai yi dogon ɗaukewa ba. Labari ya zo mana cewa tsiron Gidan Sanda ya ƙone, sai da suka nemo iri wajen dangi. Tungar Ƙirya suka fasa rumbu ranar Asabar.

Aikin da na sa kaina a daminar nan shi ne na ɗauki takarda sabuwa, na rubuta taurari ashirin da takwas a jere, gefen kowane na sa ranar makon da zai shigo, ina ƙidayawa da ƙwallon dabino ɗaya ɗaya. Yini biyu na yi a kai. Da na gama na duba layin daga kan Buɗaina: Asabar, Juma'a, Alhamis, Laraba, Talata, Litinin, Lahadi, Asabar. Ranakun suna tafiya da baya, kowane tauraro yana shigowa ranar da ke kafin ta wanda ya wuce. Na bincika littattafan Modibbo uku na hisabi, babu wanda ya faɗi haka a fili. Abin yana nan a cikin lissafin tun ran da aka tsara shi, mai hankali ne kawai zai tsinta. Kuma hanyar ta fi igiyarmu aminci. Mutum yana iya manta ƙwallo, yana iya matsar da zare sau biyu, amma gari guda ba ya manta ranar Juma'a.

Modibbo ba ta sake koyarwa ba. Ta yi shekara uku tana zaune a gefe tana buga mini gado in na kauce, sannan Allah ya karɓi abarsa. Ni na ci gaba, shekara arba'in da wani abu. Takardar ɗige-ɗige ban daina ta ba, amma na sake mata tsari. Kafin in koya wa mace komai sai na zauna da ita na ji sana'arta, da ta uwarta, da hanyar da take bi zuwa rijiya, in rubuta. Gafaka shida na cika da irin waɗannan takardu, suna nan cikin adaka, wadda ke so ta zo ta karanta.

Akwai wata mai kitso daga cikin birni da ta yi wata biyu rabawa ta gagare ta a kan yashi. Ran nan na ga ta raba kan wata yarinya gida bakwai daidai da tsinke, ba awo, ba gyara. Na kawo mata ƙwallaye ashirin da takwas na ce kai ne, ta yi mini layi huɗu. Kafin in rufe baki ta raba. Akwai 'yar wani maroƙi da ke iya jero kakannin gidaje goma ba tuntuɓe, amma adadi uku ba sa zama a kanta, sai da na mai da su dangi, na ce bakwai ɗan uku da huɗu ne. Akwai yaran da na yi ta fama su riƙe ƙofofin Sakkwato da sana'ar kowace unguwa, suka kasa, har na sa wata tsohuwa ta zaga da su da ƙafa, suka ji warin majema, suka ji bugun maƙera. Ba su sake mantawa ba.

Ga abin da na gani a tsawon shekarun nan, ku riƙe ko ku bari. Wadda ta koya da waƙa kaɗai tana saurin ɗauka, ba ta mantuwa, amma in kin tare ta a tsakiya sai ta koma farko ta rero. Na ga irin wannan a makarantarku ma, lokacin da aka gayyace ni in duba yara masu rera jadawalin ninkawa. Wadda ta koya da ƙwallaye tana da nawa wajen amsawa, amma ta san dalilin abin da take faɗa. Wadda ta ɗaura abin a jikin mutane da wuraren da ta sani ita ce ke kama kuskuren malami, sai dai in an kai ta wani gari sai ta sake ɗauri. Kuma kusan kowace mace, in kin kira ta ita kaɗai cikin ɗaki kin zuba mata ido, rabin abin da ta sani a bakin ƙofa take barinsa. Har yau in na ga yadda adadi ke samun hanyar shiga kan mutum, ta hannu, ta ƙafa, ta kunne, sai in yi tasbihi. Ban taɓa ganin biyu da ya shiga iri ɗaya ba.

Goggo Dudu ta dawo bayan kaka, ita da Hawwa, da damin gero a kan jakin Bawa da ƙwaryar nono a kanta. Ta gaida Modibbo, ta tsuguna a tsakar gida, ta dama fura da sabon gero ta miƙo mini ludayi. Na ɗauko takardar da na yi yini biyu a kanta na karanta mata. Ta saurara tana gyaɗa kai kamar ana ba ta labarin garinsu. Na ce bari in gwada ta.

"Goggo, Jabha Jumu'a yash shigo bana. Na bayanai hwa?"

"Wanga mai kwana sha huɗu? Shi mako biyu na cif. Kasuwa guda suka ci shi da na bayanai, Jumu'a."

Na ajiye takardar. Na ce, "Goggo, mun ci sabon gero. Ke da ba ki tara sha ukku da sha ukku ba, wa ya koya maki wanga?"

Ta karɓi ludayin daga hannuna, ta lashe bayansa, ta nuna ni da shi.

"Ke kic koya mani. Ke kic ce sha ukku. Ni ban san ta ba, sai nit tambayi yatsuna, sunka ce mako biyu na ba kwana guda. To shekara arba'in ina bin kasuwa bakwai, kowace da ranatta, da ƙwarya bisa kai. In na bar kasuwa na yi mako biyu, ita nika iskewa. In kwana guda ya rage, sai in iske ta jiya. Kullum ina tambayarki ranam mi, ranam mi, kina ɗiga mani ja. Kwana sha ukku kina tambayata abin da kiz zuba mani, ɗiyat takarda. Ko sau guda ba ki tambaye ni abin da niz zo da shi ba."